Irin Hashab Daga Uwa Ɗaya

Gadarif, daren Talata, cikin sanyi

Yarinyar nan ta ofishin gandun daji ta sake zuwa yau. Wai irin hashab take so, na itatuwan ƙaro da babana ya bari a gona, za su shuka inda taraktoci suka share a Gadambaliya. Na nuna mata ta bakin hanya, na ce ta ɗiba.

Ta ce, "A'a baba, sai na zaga na ɗiba kaɗan-kaɗan daga kowacce. In uwarsu ɗaya, cuta ɗaya za ta kwashe su."

Zancen ya shiga hankali. Amma da zance mai daɗi aka zaga gonar maƙwabcina, yau dawar wani ce a ciki.

Na ce ni zan tara mata. Da ta tafi na kakkaɓe ta bakin hanyar kaɗai, na ƙulla daban-daban. Allah ya tsare 'ya'yan daga cuta, ban so musu haka ba.

Har cewa ta yi za ta kawo mini maganin gwiwa. Mai neman iri, me ya kai idonta ƙafar tsoho? Ƙullin nan zan miƙa mata a bakin ƙofa. Gonar dai ba za ta taka ba.