Gidan Mahaifina da Kuka Rubuta da Sunan Ɗan Haya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Gidajen da Faɗaɗa Titi Zai Shafa a Fagge.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka masu jan fenti. Sunana Sani Garba, atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Sau huɗu ina zuwa ofishinka, kullum sai a ce ka fita duba aiki, shi ya sa na biyo ta jarida ko Allah zai sa mu haɗu a nan.

Na farko. Ba rigimar titi nake yi ba. Layinmu ya matse, Napep biyu in suka haɗu sai an yi musu sulhu. An kuma karanta mini doka, an ce ƙasa duk tana hannun gwamnati, ginin da ke kanta ne namu, shi za a biya diyyarsa. Na yarda, ko da yake tun da aka haife ni ban taɓa ganin mai ƙasar ya zo yasar kwata da damina ba. Ku ɗauki zaure da ɗakin gaba kamar yadda fentinku ya nuna. Kukana a kan sunan da kuka rubuta ne.

Na biyu. Ga yadda abin ya faru. Mahaifina, marigayi Malam Garba, kango ya saya ya gina gidan nan. Tun ina firamare ya ba Oga Emeka, mai gyaran keken ɗinki, hayar ɗakin da ke jikin zaure. A Sabon Gari Emeka yake da iyalinsa, kullum da safe yake tsallakowa. Duk telan da kekensa ya yi gardama nan yake kawowa, har ta kai in za a yi kwatance sai a ce gidan Emeka. Mu kanmu 'ya'yan gidan, in muka tari Napep daga Bata, gidan Emeka muke cewa, don in ka ce gidan Malam Garba direba tsayawa zai yi yana kallonka.

Masu awonku da hantsi suka zo, mazan gidan duk muna kasuwa, Emeka kuma ya tafi sayo kayan gyara. Suka yi sallama, mahaifiyata, Inna, ta amsa daga ciki ta ce ba kowa, don ba ta barin baƙin maza su wuce zaure. Sai suka tambayi mai shayi gidan wa ne wannan, suka tambayi mai faci, suka tambayi mai wankin hula. Shaidu uku, bakinsu ɗaya: gidan Emeka ne. Ban ga laifinsu ba, abin da suka sani suka faɗa. Amma gidan mai unguwa yana nan bayan masallaci, ba wanda ya leƙa.

Na uku. Da sunaye suka fito, Emeka ne ya fara gani. Ya rufe shago, ya ja hannuna har ofishinku, ya yi bayani da Hausar da ta fi tawa cewa ko bulo ɗaya ba shi da shi a gidan. Ma'aikacinka, mutum mai fara'a, ya ce ya kawo takardar shaidar cewa gidan ba nasa ba ne. Ranka ya daɗe, a wane ofishi ake bayar da wannan takarda? In akwai ni ma ina so, don gidajen da ba nawa ba a Kano suna da yawa.

Ni kuma na miƙa takardar cinikinmu, rubutun hannu, da hatimin mai unguwa da sunayen shaidu. Aka juya ta, aka yaba tsufanta, aka ce ba takardar mallaka ta gwamnati ba ce, kuma sunan ya riga ya shiga kwamfuta. Ashe kwamfutar taku kamar kabari take, in an shiga ba fita.

Na huɗu, kuma nan dariya ta ƙare mini. Idon Emeka ya yi rauni, bayan Kirsimeti zai koma garinsu. Ya ce zai karɓi diyyar ya damƙa wa Inna ko sisi bai taɓa ba, na kuma san zai yi, mutumin da ya bi gawar mahaifina a ƙafa har maƙabarta. Amma ragowar gidan fa? Sabuwar takardar da kuka ce za ku ba kowa bayan aiki, da sunan wa za ta fito? Yau muna da Emeka mai faɗar gaskiya. Gobe in babu shi babu ni, 'ya'yana da nasa ne za su tsaya gaban alƙali, takardarku tana tsakaninsu. Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai.

Roƙona kaɗan ne. A turo mutum ɗaya bayan la'asar, lokacin da maza suke gida. A kira mai unguwa da Emeka da ni. A gyara sunan kafin katafila ta iso.

Ba don kuɗin kaɗai nake wannan naci ba. Inna ta haura tamanin. Shekaranjiya ta kira ni ta ce in gaya muku diyyar ku riƙe in kuna so. Ta ce da ƙafarsa Malam ya kwaɓa ƙasar zauren nan, ita tana ɗebo masa ruwa tana amarya, don haka in rushewa za a yi, a rushe shi da sunan mai shi. Ba zan ɓoye maka ba, fita na yi don kada ta ga hawayena.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama da mutane lafiya. Allah ya raya maka zuri'a, ya sa bayan ranka kada su taɓa zuwa wani ofishi suna rantsuwa cewa gidan ubansu na ubansu ne.

Wassalam.

Naka,
Sani Garba, Fagge.