Layin Ƙarshe na Takardar Gwaji

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka. Ba ka nemanmu, to mu mun neme ka.

Manhajar da ka haɗa mini a ɗakin gwajin jini ta fara cin amanata. Ka ce in sakamako ya fito a allon kwamfuta, in danna “Buga” kawai, ita za ta mai da shi takardar PDF ta aika wa likita. To yanzu wasu takardun suna isa babu layin ƙarshe, inda nake rubuta gargaɗi. Jiya wata likita ta kira ni tana faɗa. Na rubuta cewa jinin wata mai ciki ya yi ƙasa ƙwarai, a nemo ta da gaggawa, takarda ta je babu wannan layi. Allah ne ya sa likitar ta lura da kanta. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta da Shiru-shiru ba, ma'aikacin nan nawa da kake tsokana don ba ya magana. An buɗe sabon ɗakin gwaji a tsallaken titi, na kuma gan shi suna gaisawa da mai wurin har da dariya. Shiru-shiru da dariya! Sannan in na fita cin abinci na dawo, sai in tarar kujerata da ɗumi. Me yake nema a kwamfutata, alhali ga tasa?

Ka duba mini kafin in sallame shi. Kuma in za ka ba ni amsa ka ƙara girman rubutu, na kwanakin baya kamar sawun tururuwa.

Goggonka.

*

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Maiɗakina tana gaisuwa, ta ce laifin rashin zumunci nawa ne, kuma ban musa ba.

Na gwada manhajar a nan har na gaji, ko layi ɗaya bai ɓace ba. Na sauya girman takarda, na cire irin rubutun da na sa mata na saka wani, na rage gudun intanet ko tana bugawa ne kafin shafi ya gama buɗewa. Duk lafiya lau. Abin da nake so ki gane shi ne, ba sabuwar takarda take rubutawa ba. Hoton abin da ke allo take ɗauka, kamar mai hoto a ɗaurin aure: wanda bai shiga layi ba, ba ya fitowa.

Abu ɗaya na gano daga bayanan da take ajiyewa. Duk takardun da suka lalace daga kwamfutarki suka fita, babu ko ɗaya daga ta Shiru-shiru. Akwai wanda ya taɓa wani abu a cikinta kwanan nan? Ki turo mini lalatattun da masu kyau in jera su.

Don Allah kada ki yanke hukunci tukuna. Mutumin nan yana wurinki tun ina zuwa hutun makaranta.

Ɗanki.

*

Injiniya,

Na amsa gaisuwa. Ai ka gama magana da ka ce daga kwamfutata. Wa ke hawa kujerata in ba shi ba? Ni ban taɓa komai ba, aikina kawai nake yi.

Na tsare shi a gaban firjin ajiye jini, na ce, “Kai, me kake yi a kwamfutata in na fita?” Ya sunkuyar da kai yana murza safar hannu. Na ce, “Nawa na tsallaken titi suka ba ka ka ɓata mini suna?” Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri.” Ka ji fa. Mai gaskiya haƙuri yake bayarwa?

Nan take na sauya lambar sirri, na karɓe makullin ƙofa, na ce ya zauna a gida sai na neme shi. Ya rataye farar rigarsa, ya goge teburinsa kamar kullum, ya tafi. Raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba, amma suna ya fi mini komai.

Sai dai ga abin da ya ɗaure mini kai. Tun da ya tafi, ba wasu takardu ba, dukansu ke zuwa babu gindi. Ashe har wani abu ya dasa a ciki kafin ya tafi? Yanzu da baki nake bin likitoci a waya ina karanta musu gargaɗi. Ga takardun na turo, ka tono mini abin da ya binne.

Goggonka.

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Ki zauna ki karanta wannan a natse, kuma ki gafarce ni in na wuce gona da iri.

Na jera takardun a kan tabarma, mai kyau kusa da lalatacciya, nan da nan abin ya fito. Haruffan lalatattun sun fi girma. An ƙara girman rubutun allonki, ba sau ɗaya ba, a hankali a hankali cikin watannin nan. Da rubutu ya kumbura, sai layin ƙarshe ya gangara ƙasan allo, manhaja kuma ta ɗauki abin da ta gani. Wannan sakacina ne, ya kamata in yi tunanin haka tun farko. Na gyara, yanzu ko rubutu ya kai na allon talla takarda za ta fita cikakkiya.

Amma akwai sauran magana. Kusan kowace lalatacciya tana da 'yar'uwa mai kyau da ta bi ta zuwa wurin likita, daga kwamfutarki, daidai lokacin cin abincinki. Waɗanda ba su da ita, na ranakun da kika aiki Shiru-shiru karɓo jini ne a asibitoci.

Na kira shi. Da ƙyar ya yi magana. Ya ce yana rage rubutun ne, ya sake bugawa, sannan ya mayar miki da shi yadda kika bari don kada ki lura. Na ce me ya hana shi faɗa miki. Ya ce, “Injiniya, matar da ta koya mini duba jini a madubin ƙara girma, ni zan ce mata idonta ya rage?” Ya ce duk gilashin jinin da kika duba yana sake dubawa a bayanki, kuma ya roƙe ni kada in gaya miki. Na tsallaken titi kuwa sun yi masa tayin aiki da gaske. Dariyar da kika gani ita ce amsar da ya ba su.

Na san ba ki ɗauki ƙara girman rubutu a bakin taɓa wani abu ba. Amma gilashin da kike dubawa ke kaɗai tun da ya tafi, shi ke tayar mini da hankali. Goggo, yaushe rabonki da likitan ido?

Ɗanki mai ƙaunarki.

*

Injiniya,

Ina gaishe ka, kai da bakinka mai kaifi. Na je. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe idanun biyu, za a yi aiki a na dama tukuna. Ya ɗiga mini magani, yanzu ko hannuna ban gani sosai, don haka ba ni ke buga wannan ba, faɗa nake ana rubutawa. Madubi ya koma teburin Shiru-shiru, inda ya dace. An sake duba gilasan da na duba ni kaɗai. Girman rubutun allona kuwa ka bar shi yadda yake, kowa ya gani.

Goggonka.

Injiniya, ni ne, wanda kake kira Shiru-shiru. Hajiya ta zo har gida ta kawo mini makulli. Ta ce in rubuta a nan ƙasa cewa ta ba ni haƙuri. Na ce ba sai an rubuta ba. Tana tsaye a kaina, ta ce in rubuta, kuma ka tabbatar mata wannan layin ya iso.