Igiyar Kalmalo a Tekun Badagiri

Illela, 5 ga Maris, 2023

Zuwa ga ɗalibina Mukhtari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Saƙonka ya iso, ga amsa ta hannun direban motar shanu.

Na ji daɗi ƙwarai da maigidanka ya damƙa maka kwale-kwalen nan da ake tuƙawa da feda kamar keke. Har na zana shi a allo, na ce wa 'yan aji ga ɗan Kalmalo zai kama kifi a teku. Ka ce masuntan wurin sun hana ka fita sai sun gama koya maka ratsa raƙuman ruwa na bakin gaɓa. Ni dai ina ganin jan rai ne. Kai da aka haifa a bakin tafki? Ga shawarata: da ka hau, ka saukar da fedar ka taka da ƙarfi, gudu shi ne maganin ruwa. Sannan ka ɗaura igiyar jirgin a ƙugunka yadda na sha ganin mahaifinka yana yi, don kada ku rabu.

Malaminka mai alfahari da kai,
Attahiru

Illela, 26 ga Maris, 2023

Mukhtari,

Ina gaishe ka da jiki. Yaya gwiwar? Allah ya sa kaffara ne, ya ba ka lafiya.

Direban ya ba ni labari a tasha, a tsaye, bai san shawarata ka bi ba. Ya ce ka fita da safe ba ka jira kowa ba, ka saukar da feda tun ruwa bai kai gwiwa ba, ta caki yashi, jirgin ya juya gefe. Da raƙumin ruwa ya kifar da shi, igiyar ƙugunka ta ja ka, jirgin ya dake ka a ƙafa. Ya ce da ba don masuntan da suka yanke igiyar ba, da gawa za a kawo.

Daga baya na nemi wani da ya yi sana'ar su a can, ya bayyana mini. Ashe tsayawa ake yi a gaɓa a ƙirga raƙuman, manyan su wuce, a jira lafawarsu. A tura jirgi hancinsa na kallon teku sak, feda a ɗage, a yi ta tuƙi da filafili har a wuce inda ruwa ke fashewa, sannan a saukar da ita. Kuma ba a ɗaure mutum da jirgi a wurin. Duk abin da na rubuta maka, akasinsa ne daidai.

Mukhtari, ban taɓa ganin teku ba. Shekara ashirin da biyu ina koyar da shi daga taswira, har na manta cewa ban gan shi ba. Kai kuma tun kana aji ɗaya ba ka taɓa ce mini a'a ba, ni kuwa ina jin daɗin haka, ina kiransa ladabi.

Na ji ka gaya wa mahaifinka gangancinka ne. Na gode, amma ba zan karɓa ba. Ka sanar da ni abin da likita ya ce, ko gwiwar za ta sake taka feda, ko maigidan zai jira ka.

Naka,
Attahiru

Illela, 16 ga Afrilu, 2023

Mukhtari,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ciwon ya yi sauƙi.

Na je Kalmalo ranar Laraba. Na iske mahaifinka, Baba Malami, a gindin bagaruwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi, na zauna na faɗa masa komai, har maganar igiya. Bai ɗago kai ba sai da ya gama ƙullin da ke hannunsa. Sannan ya ce: “Malam, igiyar nan sai ruwa ya kwanta nike ɗaura ta, in zan sauka ɗauko koma. Ko nan tafki, in iska ta taso, kwance ta nike. Mi ya hana ka tambaye ni?” Tsakanin makarantarmu da gindin bagaruwar nan ko rabin awa ba a yi a babur.

Bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka ƙunsa mini busasshen kifi, ya raka ni har bakin hanya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saƙonka ya same ni jiya. Na karanta inda ka ce gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasawa sosai ba, kuma an gyara jirgin an ba wani. Ka kuma tambaye ni, wai ko ka dawo gida ko ka zauna ka nemi aikin gaɓa, duk wanda na zaɓa shi za ka yi. Kada ka yi mini haka. Ina da ra'ayi, har na fara rubuta shi na soke. Ka tambayi likitanka, ka tambayi mutanen da suka yanke igiyar, ka tambayi mahaifinka. In ka yanke shawara, ka faɗa mini ranar kawai. In gida ne, za ka same ni a tasha.

Ka yafe mini in ka iya.

Attahiru