Baba Yana Rabar da Maganinsa, Likita Bai Sani Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, 'yan'uwana suna ciki. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a Birnin Kudu, mahaifinmu kuma manomi ne a Kwandiko ta Gwaram. Tun bara yake kukan ƙirjinsa na riƙewa in ya ɗaga fartanya, muna ta ɗura masa maganin olsa, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a masussuka. Aka tura mu Kano aka yi hoto, likita ya ce jijiyoyi uku da ke kai wa zuciyarsa jini sun cushe, ga kuma suga da yake fama da shi.

Hanya biyu ya ba mu. Ta farko a zura wata 'yar waya mai kamar raga ta jijiyar hannu, sitent suke ce mata, ta buɗe inda ya toshe, ba yanka, kwana kaɗan ya koma gida. Amma akwai maganin tsinka jini da zai riƙa sha kullum ba fashi, in ya daina jini na iya daskarewa a cikin wayar, zuciya ta buga farat ɗaya. Ta biyu baifas, a tsaga ƙirji, a ɗebo jijiya a ƙafa a yi wa jinin sabuwar hanya. Ya ce ga mai suga da toshewa irin ta Baba ita ta fi ƙarko, amma babban aiki ne mai haɗarinsa, kuma bana ba shi ba gona.

Baba na jin haka ya dafe ƙirji ya ce, "Likita, ni ba rago ba ne da za a feɗe. Yadda Allah ya halicce ni haka zan koma masa. A sa min wayar, damina ta kawo kai." Likita ya tambaya ko yana shan magani kan lokaci, babban yayanmu ya yi caraf ya ce ai Baba da magani kamar salla ne. Ni kuwa na yi tsit, don ban taɓa ƙaryata Yaya a gaban baƙo ba.

Jama'a, ni na san Babana, shi ne likitan majalisarsu. Duk wanda ya ce kansa na sarawa, sai ya zaro maganin hawan jininsa daga aljihu ya ɓallo masa biyu. Ran da ya ji garau kuma sai ya ce a adana saura saboda baƙo. In ka yi magana ya ce, "Yo in sha ni kaɗai, maƙwabcina na nishi?" Innarmu ta yi faɗan har ta gaji. Na tambayi wata nas, ta ce baifas ma da maganinsa, amma fashinsa bai kai na wayar saurin illa ba.

Da na samu Yaya a keɓe sai ya hau ni da faɗa, wai so nake a yanka tsoho, in bai tashi daga gadon tiyata ba ni zan yi wa dangi bayani. Na ce to wa zai tsare shi da magani, ya ce in bar gidan mijina in koma Kwandiko tunda na fi kowa son sa. Wallahi har yanzu in na tuna sai hawaye.

Jibi za mu koma Kano. Jiya na je duba Baba, na tarar da maganin tsinka jinin da aka ce ya fara ya yi rabi. Da murnarsa ya ce min, "Maganin nan na Kano yana da kyau 'yar nan, maƙwabcina Malam Hudu ma ya ce ya ji daɗinsa."

Don Allah ya zan yi? In buɗe baki in faɗa wa likita, a tsaga ƙirjin da Baba ya ce kar a taɓa, ko in sake yin shiru a sa masa wayar, alhali na san rabin maganin da zai riƙe ransa yana aljihun Malam Hudu?