Akun Mahaifiyarki Ya Yi Shiru

Hayin Banki, Kaduna,
11 ga Janairu.

Zuwa ga 'yata Rashida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Shamsuddeen da jikokina. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, ya raya yaran nan cikin albarka. Ni ma lafiya lau, sai ɗan tarin nan da kika sani, wanda ba ya kwantar da ni, ba ya kuma rabuwa da ni. Baffanki Tukur ya samu sauƙin ƙafarsa, har ya koma kasuwa. Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Ai kin san halina, in na ɗauki waya da niyyar faɗin wani abu, sai in ɓige da tambayar ko ana ruwa a Fatakwal. Shi ya sa da na ji Mansur direba zai yi lodi zuwa wajenku, na ce bari in zauna in rubuta.

Maganar akun mahaifiyarki ce. Kin san ni da shi ba ma ga maciji. Shekara goma sha ɗaya yana zuba mini ɓawon gyaɗa a takalmi, yana kwaikwayon ƙarar zarto duk lokacin da na kwanta hutawa, kamar wadda nake sha a shago ba ta ishe ni ba. Sau nawa na ce a bayar da shi, ita kuma ta ce sai dai a fara bayar da ni. To, tun da Allah ya karɓi ranta a damina, shi kaɗai ke magana a gidan nan. In na dawo daga aiki, tun daga zaure zan ji ya kira ni Malam da muryarta sak, yana cewa in wanke hannu kada abinci ya huce. Na san tsuntsu ne, ban zautu ba. Amma ina amsawa, Rashida, kullum sai na amsa.

Sanyin bana ya shigo da ƙarfinsa, alwalar asuba sai mutum ya daure. Kejin yana rataye a baranda, ni kuma ban taɓa shi ba, don a zatona nan yake kwana duk shekara. Ranar Talatar makon jiya na fito na tarar da shi a ƙasan keji, gashi duk ya kumbura, ido a lumshe, hanci yana ruwa, gyaɗar da na zuba masa tana nan yadda take. Maƙwabciyarmu Bara'atu ta shigo kawo mini kunu, tana ganinsa ta tambaye ni ko a waje ya kwana. Ita ta gaya mini cewa duk shekara, da sanyi ya kama, mahaifiyarki kan jira in fita sallar magariba, ta sauke kejin ta kai ɗakinta, ta lulluɓe shi da tsohon zane, sai hantsi ta fito da shi. Wai don na taɓa cewa ba na son tsuntsu a ɗaki. Duk shekarun nan ina cikin gidan, ban taɓa ɗaga ido na lura ba. Kunyar da na ji a gaban Bara'atu ba ta faɗuwa.

Na sa shi a kwali, na hau keke zuwa wajen wani likitan dabbobi a Mando. Na gaya masa dabarar da na yi niyya, wato in hura gawayi a kasko, in ajiye kusa da keji, in rufe ɗaki. Ya ce da na yi haka da gawarsa zan tarar, don tsuntsu ba ya jure shaƙar gawayi, mutum ma kansa ba ya jurewa a ɗaki rufe. Ya ba ni maganin ɗigawa a ruwa, ya ce ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi. Ya ce in nisanta shi da taga da bakin ƙofa, kada in ajiye shi a kan siminti, in na lulluɓe kuma in bar kafar da iska za ta shiga. Na tambaye shi ko zai sake magana, ya ce in bari a samu rai tukuna.

Daga nan shago na wuce, na haɗa masa akwati da ragowar katako, gefe uku a rufe. Sannan na buɗe ɗakin mahaifiyarki, abin da ban yi ba tun ranar arba'in. Zanen yana kan durowa a ninke, har da gashinsa ja guda biyu a jiki. Yanzu a ɗakina yake kwana, ni da na yi rantsuwa tsuntsu ba zai kwana mini a ɗaki ba. Kwana takwas ya yi bai ce uffan ba. In na yi sallama a zaure, sai in ji ta tafi ta dawo mini. Ban san gidan nan yana da girma haka ba.

Jiya da hantsi na fito da shi rana, ya ci gwanda, ya karkaɗe jiki. Sai ya yi tari irin nawa, sannan ya ce Allah ya jiƙanki. Da muryata ya faɗa. Ashe a fili nake yi wa mahaifiyarki addu'ar ban sani ba, shi kuma yana kwance yana ji. Na zauna gabansa har azahar, ban je shago ba, amma bai kira ni Malam ba. Na buga wa likita waya, ya ce aku abin da yake ji kullum shi yake riƙewa, wanda ya daina ji kuwa yana iya kuɓuce masa. Na yi murna da ya tashi, Allah ne shaida, amma tsoro ya kama ni.

Ki gaishe mini da Shamsuddeen, ki shafa mini kan Ummukulthum da Sagir. Baffanki Tukur da Bara'atu suna gaishe ku.

Saura abin da na kasa faɗa a waya. Kowa ya san muryarki irin ta mahaifiyarki ce. Ina roƙonki ki ɗauki muryarki a waya, ki kira ni yadda take kirana, ki turo mini. Na san zai yi miki nauyi a baki, ki daure. Zan riƙa kunna masa safe da yamma. In ya kama, alhamdu lillahi. In kuma bai kama ba, ni dai na ji.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Inuwa Kafinta