Tantin Ya Hau Kan Mota

Assalamu alaikum Yaya Wardugu. Ina gaishe ka, ina gaida aiki. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ka da wutar walda. Mu nan garin Fada alhamdu lillahi. Inna ƙafar ta yi sauƙi, dabino ya yi kyau bana. Maƙwabciyata Kaltuma ce ke rubuta mini, na ce kada ta gyara ko kalma ɗaya.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma har da kai. Kai ka ƙera wa maigidana Baban Togoi amalanken ƙarfen nan da mota ke ja, ka kafa tantin a kansa. Wai dabara ce, a kwance shi a ajiye, mota ta yi yawonta ba sai an naɗe tanti ba. To ka ji abin da dabararku ta yi mini. Wancan wata muka fita daji da baƙinsa Turawa uku, ni ce mai girki, Togoi yana bayana, watansa bakwai. Da safe babansa ya kwance amalanken a gindin dutse, ya ce zai kai su ganin zanen kogo, kafin azahar sun dawo. Sai da ƙurarsu ta ɓace na duba. Jarkokin ruwa duka suna cikin motar! Abin da ya bar mini ruwan butar shayi ne.

Motar ta kafe a rairayi, ba su dawo ba sai la'asar ɗin washegari. Yaya, tantin nan da rana tanda ne. Na sauko na shiga ƙarƙashin amalanken, ina jiƙa bakin gyale ina ɗiga wa yaron. Nonona ya ɗauke. Togoi ya yi kuka har ya daina, idonsa a buɗe, ba hawaye. Wallahi har yanzu in ya yi shiru sai na girgiza shi.

Da muka dawo na ce wa babansa tantin ya koma kan mota. Wai sai ya yi dariya, ya ce mota ba raƙumar amarya ba ce da za a ɗora mata ɗaki, nauyin sama yana kifar da mota a tudu. Wai jikar masu raƙuma tana tsoron ƙishi, kakata ma ta ji kunya. Na ce masa kakata ba a taɓa kwance ta an jingine kamar buhun gawayi ba. In kifewar ce, mu kife tare. In naɗe tantin ne wahala, ni zan naɗe, sau goma a yini.

Yanzu na ji ya aiko maka wai ka ƙera babban amalanke kafin baƙinsa na lokacin sanyi su zo. Kada ka soma. Ka ƙera ƙarafan da za su riƙe tanti a saman mota, ka aiko. Maganarka yake ji, tawa ba ya ji. Ƙarfen da za ka gani cikin ƙunshin nan, shi ne ke haɗa amalanken da mota. Ni na zare shi. Kwana uku yana nema, ina zuba masa shayi.

Ka gaida Anti Zenaba da su Hisen da Erde. Inna tana sa albarka.

Ƙanwarka,
Ashta