Dangwalen da Ba Nawa Ba

Fatakwal.

Zuwa ga ƙanena Sulle,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Lami da yara kuna lafiya. Ni ƙalau nake, gwiwata ce kawai ba ta jituwa da damshin garin nan.

Albishirinka! Babbar kotu ta soke takardar bogin da Ashiru dillali ya sayar da gonata ta Kurugu da ita. Dangwale ya ƙaga mini, ya manta shekara talatin na yi ina shugabar makaranta. Lauyana ya gabatar da tsofaffin takardun da na sa wa hannu, aka gwada yatsana, ƙarya ta ƙare.

Ka kai wa dagaci kwafin hukuncin, a shuka mini gyaɗa bana. Allah ya yi muku albarka.

Yayarka, wadda ta rubuta da hannunta,
Hajiya Mas'uda Mu'az